Gangar Kakarki Argia

Nerina, hasken safiyata, inuwar ɓaurena a tsakiyar rani, ruwan sanyin da mai yankan inabi ke kwankwaɗa bayan rana ta gama gasa masa ƙeya! Nerina mai furfura kamar ganyen zaitun idan iska ta juya shi, mai dariyar da ke tsallake kwari ta iske ni a rumfar aikina har in saki guduma! Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya san ba a son jin muryarsa, amma ya kasa yin shiru.

Yau kwana goma sha ɗaya rabon da ki dube ni. Ranar Lahadi limaminmu Don Ilario ya tashi bai karanta sunayenmu cikin masu shirin aure ba, sai na gane kin je kin ce masa ya dakata. Matan bencin gaba suka waiwayo suna kallona kamar na shigo coci da akuya. Ban ga laifinki ba. Shekarata sittin da ɗaya, hannuna da guduma ya saba, ba da alƙalami ba, kuma wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko suna cikin murhu. Ki karanta ta har ƙarshe, ko da a tsaye ne, ko da kina zagina. Bayan nan in kin ga dama ki hura wuta da ita.

Bari in fara daga inda ɓarnar ta fara, don ban taɓa ba ki labarin a jere ba. Shekara shida da suka wuce, a kakar da muka binne mijinki Sirio, kika turo mini 'yar gangarki ta giya a baro. Kina cikin baƙaƙen kaya, kin rame har zobe yana yawo a yatsarki. Kika ce, "Foresto, yoyo take yi. Tun da Sirio ya kwanta ciwo ban hau bene ba. Ka gyara mini katakon. Amma ka ji da kyau, in ka taɓa uwar da ke ciki, sai na sare maka hannu." Na yi dariya, na ce wane mahaukacin mai gyaran ganga ne zai wanke uwa? Kika juya za ki tafi, sai kika tsaya a bakin ƙofa, ba ki waiwayo ba, kika ce, "Ita kaɗai ta rage mini da ba ta mutu ba."

Ke kin fi ni sanin nauyin wannan magana. Inabin kowa ɗaya ne a kwarin nan. Kowa yana shanya nasa a kan asabari a saman bene har ya yamutse, ya matse, ya zuba a ƙaramar ganga, ya toshe baki da siminti, ya manta da ita shekara biyar kafin ta zama vinsanto, giyar da muke tarbar baƙo da ita. Abin da ya raba gida da gida shi ne baƙar lakar nan mai kauri da ke kwance a gindin ganga, wadda muke kira uwa. Ba a wanke ta, ba a sayar da ita, ana zuba sabon ruwan inabi a kanta ne ta koya masa hali. Taki kuwa ba irin ta kowa ba ce. Kakarki Argia ta bar mahaifinki yana ɗan wata biyu ta tafi birnin Firenze shayar da jaririyar gidan Valcorti, masu gonakin da iyayenmu suka noma. Da aka yaye yarinyar aka tambaye ta me take so, sauran masu shayarwa murjani suke zaɓa, ita ta ce ludayi ɗaya na uwar da ke benen fadarsu. Aka yi mata dariya, aka ba ta. Ta ɗauko a tukunya ta tako da ƙafa har gida. Sau nawa kika ba ni labarin nan? Sau nawa na yi kamar ban taɓa ji ba, don kawai in ga yadda kike ɗaga haɓa idan kin zo wurin tukunyar?

Da kika tafi na cire toshiyar na sa hanci, sai da idona ya kawo ruwa. Iska ta daɗe tana shiga ta tsagar katakon, uwar ta juya, ta zama ta ruwan tsami. Na sa yatsa na ɗanɗana, na sake ɗanɗanawa ko hancina ne ya yi ƙarya. Na zauna a kan kututture tun hantsi har inuwar rumfa ta koma ɗaya gefen, maganarki ta bakin ƙofa tana ta yi mini yawo a ka. Washegari na hau benen gidanmu, na buɗe gangar mahaifina, na ɗebi ludayi uku na tamu. Na kwashe taki, na babbake cikin gangar, na canza katako biyu, na zuba tamu a gindi, na kawo miki. Kika ce, "Lafiya take?" Na ce, "Lafiya lau, kamar 'yar budurwa."

A lokacin na sa wa abin suna tausayi. Yanzu da nake zaune ni kaɗai da takarda, ba wanda zan yi wa kwalliya. Akwai tausayi, gaskiya ne. Akwai tsoro, tsoron in zama ni ne zan kawo miki mutuwa ta biyu a wata guda. Akwai kuma abu na uku wanda ya fi ba ni kunya: na ji daɗi cewa wani abu na gidanmu yana kwance a saman ɗakinki. Tun ranar bikin sussuka da kika yi rawa ba takalmi, ina ɗan shekara ashirin, nake sonki, Sirio ya riga ni buɗe baki. Shekara talatin da biyar ina gaishe ki a kasuwar Greve ina tambayar lafiyar mijinki. Da na sami wannan 'yar kafa ta shiga gidanki, sai na shiga kamar ɓera.

Bara kuma, a makon Ista, kika kira ni in fasa miki simintin. Kin tuna hasken da ke shigowa ta tsakanin tayal ɗin rufi? Kin tuna yadda giyar ta fito, launinta kamar zuma a bakin taga? Kika kurɓa, kika rufe ido, hawaye ya gangaro, kika ce, "Ya Maryama, Kaka ce! Ita ce sak, har ɗan ɗacin nan na ƙarshe." Kika miƙo mini kofin ta gefen da bakinki ya taɓa, kika ce, "Sha, kai ka cece ta." Ban gama haɗiyewa ba kika ɗora da cewa, "Foresto, har yaushe za ka riƙa zuwa kana ƙwanƙwasa mini gangunan da ba abin da ya same su? In akwai magana a bakinka ka faɗe ta, mun tsufa." Wayyo Nerina! Magana biyu ce a bakina ranar, na faɗi mai daɗin na haɗiye ɗayar. Wane namiji ne zai ga ƙofar da ya jira shekara arba'in ta buɗe, ya ce a dakata yana da laifin da zai amsa? Akwai irinsu, na sani. Ban kasance cikinsu ba.

Sai ga takardar nan daga Firenze a watan jiya, da hatimin gidan Valcorti. Donna Ottavia, jaririyar da Argia ta shayar, yanzu tana da shekara tamanin da huɗu. Ta sa aka rubuta miki cewa lokacin yaƙi sojoji sun hau benen fadar sun farfasa gangunan, sun sha abin da cikinsu ya ɗauka sun zubar da saura, tsohuwar uwar gidan ta tafi ke nan. Ta ce ta ji labarin an taɓa ba mai shayar da ita ludayi ɗaya, ko yana nan? Ko za ki taimaka ki mayar musu da kaɗan? Kika shigo rumfata da gudu kina kaɗa takardar, kika ce, "Ka ji! Valcorti suna roƙon jikar Argia!" Fuskarki ranar ta fi gonar alkama kyau a watan girbi. Ni kuwa na sunkuya ina ta aune-aunen katakon da na riga na auna.

Mako uku ina da damar faɗa miki. Na zo gidanki sau biyu don haka, kika ba ni miyar wake, na ci na tafi.

Safiyar da muka hau motar Firenze kin sa kwat ɗinki mai ruwan shuɗi, kwalba a naɗe da tawul a cinyarki, 'yar tukunyar uwar a kwando tsakanin ƙafafunki. Duk ramin da mota ta faɗa sai ki yi wa direba tsawa, "Kai, a hankali mana, ba dankali ka ɗauko ba!" Kika dube ni kika ce, "Kai kuma ka daina huci kamar san noma, mutane suna kallonmu. Wuyan rigar ne ya matse ka?" Na ce eh, wuyan riga ne.

Na san fadar nan tun ina yaro, amma ta baya na san ta. Na san lungun da ake sauke ganguna, na san dakalin dutsen da ke jikin bango inda mahaifina da naki suke zama da hula a gwiwa suna jiran a kira su, na san 'yar tagar nan mai baka da ake miƙo wa mutanen gari kwalba ta cikinta. Babbar ƙofa mai ƙusoshin ƙarfe kuwa ban taɓa taɓa ta ba. Ke kika ja igiyar ƙararrawa, da ƙarfi, sau biyu. Gosto mai gadi ya buɗe, wanda muka yi soja tare, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A'a! Mai buga ganga, yau ta gaba? Wa ya mutu ya bar maka taye? Goge ƙafa, kada ka kawo mana ƙauye ciki." Kika ce masa, "Tare muke, Gosto. Matsa, ka tare hanya da tumbi." Ya cire hula ya matsa.

Kin tuna tsakar gidan? Sanyin nan da ya tare mu kamar mun shiga rijiya, ginshiƙan da suka jeru suna riƙe da bakuna, itatuwan lemo a manyan tukwane, kurciyoyi suna kuka a can sama inda sararin ya zama ɗan murabba'i shuɗi. Muka hau matakalar da aka yi wa masu dogayen riguna, kowane taki gajere, har mutum ya rasa yadda zai jefa ƙafa. A tsakiya kika tsaya kika dafa dutsen, kika ce a hankali, "Shekara biyu Kaka ta yi a gidan nan, ba ta taɓa taka wannan ba." A babban zauren kuma kika ɗaga kai kika ga zanen rufin, samari da 'yan mata tsirara suna yankan inabi suna murmushi, kika zungure ni kika ce, "Waɗannan ba su taɓa riƙe wuƙa ba. Dubi bayansu a miƙe, ko ƙuda babu." Na yi dariya, Nerina, dariyar ƙarshe da muka yi tare. Da na san haka ne da na ja ta ta yi tsawo.

Donna Ottavia tana zaune a bakin taga, bargo a gwiwa, idanun sun yi fari. Ta sa kika durƙusa ta shafa fuskarki da yatsu, ta ce, "Goshin Argia ne, ba tambaya. Zauna kusa da ni, 'yar ɗan'uwana. Ni da ubanki nono ɗaya muka sha, sai dai ni na ƙwace masa rabonsa." Kika ce, "Ranki ya daɗe, ai bai mutu ba, akuya ta rufa masa asiri." Tsohuwar ta yi dariya har da tari. A gefe ɗan ƙanenta Lapo, wanda ke riƙe da harkar gidan yanzu, yana tsaye da wata takarda da aka zana, irin wadda za a manna a jikin kwalba. Ya nuna mana da alfahari. An rubuta cewa uwar giyar nan ta shekara ɗari huɗu ba ta yanke ba.

Kika zuba mata da hannunki. Ta sansana, ta kurɓa, ta daɗe ba ta haɗiye ba. Sai ta ce, "Baba. Ɗakin Baba ne ranar Ista, yana tsoma mini biskit a kofinsa." Hawaye yana bin ramukan fuskarta. Lapo ya tafa hannu. Ke kuwa kika miƙe, kika nuna ni, kika ce da murya mai ƙarfi yadda har Gosto zai ji daga ƙasa, "Ranki ya daɗe, ba ni za a gode wa ba. Ga wanda ya cece ta lokacin da na yi sakaci. Shi zan aura bayan Ista, kuma ban san mutum mai amana kamarsa ba."

Da ba ki faɗi haka ba, da watakila na mutu da sirrin. Ƙaryar ta riga ta tsallake, harshe biyu sun shaide ta, naki da na tsohuwar, wa ya rage ya ƙaryata? Amma kin kira ni mai amana a ƙarƙashin rufin nan, kina kallona da idon nan naki, sai na ji kamar an ɗaura mini zoben ganga a ƙirji ana bugawa. Na ji muryata tana cewa, "Ba ita ba ce." Kowa ya juyo. Na ce, "Uwar Argia ta lalace shekara shida da suka wuce, ni na canza ta. Wannan ta gidanmu ce, gidan Bencini masu gyaran ganga. Kakana ya samo ta wurin wani mai alfadari, ban ma san daga ina ba."

Lapo ya naɗe takardarsa a hankali ya sa a aljihu. Donna Ottavia ta miƙa kofi ta ce, "To, mai alfadarin nan ya iya zaɓe. Ƙara mini." Ba wanda ya motsa. Sai ta juyo da fararen idanunta wajen da nake, ta ce, "Amma da ka bar ni da abina, ɗana. Ai kwanana kaɗan ne suka rage."

Ke kuwa kika matsa kusa da ita. Kika sunkuya kika sumbaci hannunta, kika ɗauki kwandonki, kika fita. Na bi ki. A bakin babbar matakala kika tsaya, kika dube ta, sai kika juya kika tura wata 'yar ƙofa a gefe, kika bi ta matsattsiyar matakalar masu aiki, mai duhu, mai warin albasa. Nerina, na ga abubuwa a duniya, na ga yaƙi, na ga ruwan kogin Arno ya shiga gidajen mutane, amma ban ga abin da ya karya ni kamar bayanki cikin kwat mai ruwan shuɗi yana gangarawa ta wannan matakala ba. Ta gaba kika shigo, ni na fitar da ke ta baya.

A lungun da ake sauke ganguna kika tsaya kika fuskance ni. Ba zan manta ko kalma ɗaya ba. Kika ce, "Shekara shida, Foresto. Ka tsaya kana kallona ina kuka a kan lakar ubanka." Na buɗe baki, kika ɗaga hannu. "Rufe mini baki! Kana tsammanin mutuwarta ce ta dame ni? Na binne uwa, na binne uba, na binne miji, ga ni a tsaye. Kai ne ka zauna a rumfarka ka yanke cewa Nerina ba za ta iya ɗauka ba. Wa ya ba ka wannan iko? Kuma duk faɗin duniyar Allah, ba ka sami inda za ka sauke kayanka ba sai a gidan nan?" A mota kika zauna kusa da direba, ba ki yi masa tsawa ko sau ɗaya ba.

Kwana goma sha ɗaya ina juya maganar nan. Da farko na nemi mafaka. Na ce wa kaina, ai ta ji kakarta a kofin, tsohuwar ma ta ji ubanta, to me ya ɓace? Wataƙila abin da mutum yake ji a giya ba a ganga yake ba, shi yake zuwa da abinsa. Na yini guda ina jin daɗin wannan dabara, washegari na gane wata sabuwar ƙarya ce nake sassaƙawa. Hawayenki gaskiya ne, ba ni da ikon in sa ki zubar da shi a inda ba ki zaɓa ba.

Sai na koma tunanin fadar. Na tuna mahaifina a kan dakalin nan, hula a gwiwa, ana can sama ana yanke abin da zai shuka, da yaushe zai girbe, da ko ɗansa ya isa aure. Ba mugaye ba ne, Nerina, sau da yawa alheri suke nufi. Sun dai tabbata ne cewa sun fi mu sanin abin da za mu iya ɗauka. Duk rayuwata ina jin haushin wannan hali, ina tofar da yawu idan na wuce ƙofarsu, ashe ni ma na iya shi sarai. Na zauna a sama na yanke miki, na bar ki a kan dakali kina godiya. Har gaskiyar da na faɗa ma don kaina na faɗe ta. Kaya ya yi mini nauyi, na sauke shi a kanki a gaban mutane, na haɗa da tsohuwar da ba ta yi mini komai ba. Wanda ya iya yin shiru shekara shida, me zai hana shi ƙara awa biyu har mu iso gida?

Ya furen ɓauren da ba a gani sai a sha zaƙinsa, ya ruwan farkon kaka a kan busasshiyar gona, ya Nerina! Rumfata ta zama kango. Ina buga ƙarfe ina jin kamar a cikin kaina nake bugawa. Tsattsewa sun dawo sheƙarsu a ƙarƙashin rufina jiya, na tashi in zo in gaya miki, don ke kike fara tambaya kowace shekara, sai na tuna, na koma na zauna. Wa zan gaya wa? Wa zai ce mini na sa gishiri da yawa, wa zai ce rigata ta karkace? Da ƙuruciya na rasa ki, na ɗauka ba ciwon da ya kai wannan. Ashe wancan wasa ne, don a lokacin ban san yadda kike kiran sunana daga kicin ba.

Saura abu ɗaya da ba ki sani ba. Na so in faɗa a lungun nan, kika hana ni, kuma gara da kika hana, don da ya zama kamar ciniki.

Ban zubar da uwar kakarki ba. Na ɗauki bokitin na nufi bayan gida, hannuna ya ƙi. Na sassaƙa mata wata 'yar ganga, ƙarama, wadda mutum zai rungume da hannu ɗaya. Na zuba ta ciki, na ba ta ruwan inabin da ya fi kowane zaƙi a asabarina, na toshe. Bayan shekara biyu na buɗe, na tarar da ruwan tsami. Na tsiyaye shi, na kankare can ƙasa inda lakar ta fi kauri, inda na ga kamar tsamin bai kai ba, na sami abin da bai fi cokali huɗu ba. Na wanke gangar na babbake ta, na mayar da cokali huɗun nan, na sake ba ta sabon ruwa, na toshe. Shekara huɗu ke nan tana bayan gangar mahaifina a bene. Da rani nakan kara kunne in ji tana 'yar tsuwa a ciki. Ban san me take yi ba. Duk tsohon da na tambaya a kaikaice ya ce uwar da ta juya ba ta dawowa, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Ba zan yi miki alkawarin giya ba. Na riƙa cewa in ta yi kyau zan faɗa miki komai, in ba ta yi ba in yi shiru har abada, kin ga ko a nan ma wayo nake shiryawa.

Ranar Asabar kafin Ista, da safe, zan ɗauko ta a kafaɗa in hau tudunku, kowa ya gan ni. Zan ajiye ta a bakin ƙofarki, simintinta bai fashe ba, da guduma da kurfi na fasa shi a kai. Ba zan ƙwanƙwasa ba. Ke za ki fasa, ke za ki fara sa hanci, ke za ki san abin da ke ciki kafin kowa, har ni. In giya ce, ki ɗauka ki kai wa tsohuwar nan tun tana da rai, ki ja ƙararrawar gaba, ni ba zan bi ki ba sai kin ce. In ruwan tsami ne, to na kakarki ne, ki yi makokinsa yadda na hana ki yi shekara shida, ki zage ni son ranki. Ko wanne ne, naki ne, kuma na san za ki iya ɗauka.

Zan zauna a kan katangar da ke ƙasan gonarki, inda za ki hango ni ta taga. In kin rufe tagar, zan tashi in tafi, in ci gaba da gaishe ki a kasuwa kamar dā, ba zan ƙara damunki da takarda ba. In kuma kin ga kina bukatar wanda zai riƙe miki kurfi, hannuna yana nan, wanda kika ce za ki sare.

Ni ne naki, tun kina rawa ba takalmi har ranar da za a sa ni a akwatin da ba ni na sassaƙa ba, ko kin buɗe ko kin rufe,

Foresto Bencini